Mai aikin dare da sallolinsa

Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a shekarar 1957, unguwannin ƙetaren kogin Kaduna suka saba da masu fita neman halal lokacin da wasu ke komawa gida. Masaƙu sun durƙushe, amma aikin dare yana nan: ma'aikatan jinya, masu gadi, masu gasa burodi. Sukan tare mu bayan huɗuba su ce, "Malam, ko akwai laifi?"

Babu laifi a sana'ar. Ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil ma ta sassauta tsayuwar dare saboda masu fita neman falalar Allah. Sai dai sassaucin bai shafi salloli biyar ba. Magariba lokacinta ƙanƙane ne, don haka a nemi izinin minti goma tun ranar kama aiki. Isha'i tana da yalwa. A Malikiyya zaɓaɓɓen lokacinta yana kaiwa sulusin farko na dare.

Asuba muka fi jiye wa tsoro. Wanda ya kwanta ƙarfe uku da wuya ya ji ladan. Uwargida ta daure ta tashe shi ya yi salla, sannan a hana yara hayaniya har ya rama barcinsa.