Ko Kun Sani? Gyaɗar da Ba a Gani

Yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ba sai ya ci ƙuli-ƙuli zai shiga haɗari ba. Ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa ya kumbura masa leɓe, ya feso masa borin jini, wani lokaci har numfashi ya sarƙe cikin mintuna. A irin wannan hali allurar adirenalin ce ke ceton rai. Suya ko dahuwa kuwa ba ta kashe sinadarin da ke jawo matsalar.

Ta ina ɓurɓushin ke shiga biskit ko cakulan da ba a sa wa gyaɗa ba? Ta injin masana'anta, idan an sarrafa kayan gyaɗa a kansa aka bi da wani kaya ba a wanke shi sarai ba. A ƙarshen 2014 zuwa 2015, an janye ɗimbin kayan abinci daga shagunan Amurka saboda an gano gyaɗa a garin kumin, wani kayan ƙamshin girki. Injin niƙa na unguwa ma yana iya gauraya ɓurɓushin kamar injin masana'anta, ga kuma yajin tsire da ake haɗawa da ƙuli-ƙuli.

Abin mamaki, a Amurka da Birtaniya doka ta tilasta a rubuta gyaɗa a jikin ƙunshin abinci idan tana cikin kayan haɗi, amma gargaɗin cewa mai yiwuwa ta gauraya bisa kuskure, wannan ganin damar kamfani ne.