Ja Ko Kore: Yadda Kuɗin Tara Ke Canja Darajar Kati A Wasan Birij

Akwai wata tambaya da kusan duk ɗan koyon wasan karta na birij yake yi, wadda gwanayen wasan ba sa amsa ta kai tsaye. Zai buɗe katunansa 13 ya ce, "Shin wannan hannun nawa mai ƙarfi ne ko marar ƙarfi?" Maimakon amsa, sai gwani ya jero masa nasa tambayoyin: wa ke kan ja, wa ke kan kore? Me abokinka ya faɗa? Wa ya riga ka yin tayi? Ɗan koyo kan ɗauka rowar ilimi ake yi masa. Ni kuwa a ganina gwani ne ke da gaskiya, domin a birij hannu ba shi da tsayayyiyar daraja sai an san nawa za a biya idan an faɗi.

Bari in share fage saboda mai karatun da iyakar saninsa da karta shi ne Whot. Mutum huɗu ke buga birij, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13, saboda haka zagaye 13 ake yi, a kowane zagaye ɓangare ɗaya ya ci. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi gwanjo, inda kowane ɓangare ke tayin yawan zagayen da zai ci da kuma jinsin katin da zai zama mai iko a kan sauran. Ana ƙara shida a kan lambar da aka ambata: wanda ya ce "huɗu a mashi" ya ɗauki kwangilar cin zagaye 10 ke nan, da jinsin nan baƙi mai kamar tsinin mashi a matsayin mai iko. In ya cika, ya sami lada. In ya gaza, ya biya tara. Ga wanda ke jin ƙamshin caca da zarar an ambaci karta, ya sani cewa a gasa maki ake ƙirgawa, kuma katunan da aka raba a wannan tebur su ne za a buga a sauran teburori, a gwada wa ya fi iya sarrafa su. Tun 1999 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar birij ta duniya a matsayin hukumar wasanni.

Ma'aunin da kowa ke fara koyo shi ne wanda ake dangantawa da Milton Work, wanda Charles Goren ya yaɗa a Amurka daga ƙarshen shekarun 1940: As ƙima 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Jimillar kartar duka 40 ce, wato matsakaicin hannu 10. Mai 12 ko 13 yana iya buɗe tayi. Idan abokai biyu suka haɗa 25 ko 26, sai su nemi abin da ake kira gem, wato kwangilar da ke da babbar lada; da 33 su nemi ƙaramin silam, zagaye 12; da 37 babban silam, zagaye 13 cif. Wani masanin lissafin inshora ɗan Kanada, William Anderson, ya taimaka wa Goren da ƙarin ƙima saboda siffar hannu: 3 ga wanda ba shi da kati ko ɗaya a wani jinsi, 2 ga mai guda ɗaya, 1 ga mai biyu.

Ma'auni ne mai kyau, kuma sauƙinsa ne ya raya shi. Sai dai mudu ne, ba sikelin zinariya ba. Gwanaye sun daɗe da lura, kwamfuta kuma ta zo ta gaskata su, cewa ya rage wa As daraja, ya kuma cika wa Sarauniya da Jak baki. Hannu mai ƙima 12 da aka tara daga Sarauniyoyi da Jak-Jak warwatse a jinsi huɗu, taron tsintsiya ne babu shara. Hannu mai As biyu da Sarki ɗaya a dogon jinsi, ƙimarsa 11 ce a takarda, amma ya fi wancan nesa ba kusa ba. Sannan daraja tana motsi ana cikin gwanjon. Sarkin da ke hannunka yana ƙara nauyi idan abokin hamayyar da ke damanka ne ya yi tayi a jinsinsa, domin shi zai riga ka jefa kati, ka ga ko ya saki As ɗinsa kafin ka yanke shawara. Idan kuwa na hagunka ne ya yi tayin, Sarkin nan yana zaune ne a ƙarƙashin takobi.

Duk wannan rabin lissafi ne. Ɗaya rabin ya samo asali ne a shekarar 1925, a cikin jirgin ruwan Finland da ke hanyar ratsa mashigin Panama, inda attajirin nan na Amurka Harold Vanderbilt ya gwada sabon tsarin makinsa tare da abokan tafiyarsa. Ya tsara cewa ɓangaren da ya riga ya ci gem ɗaya zai shiga wani hali na musamman: ladarsa ta ƙaru, tararsa ma ta ƙaru. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wata matashiya daga cikin fasinjoji ce ta ba shi kalmar Turancin da ya laƙaba wa wannan hali, mai ma'anar wanda ke fili, sara na iya samunsa. A gasar zamani ba a jiran sai an ci gem. An riga an rubuta halin kowane ɓangare a jikin allon da ke ɗauke da katunan, ja ga wanda ke cikin haɗari, kore ko fari ga wanda ke inuwa, kuma a cikin kowane allo 16 yanayi huɗun nan suna zuwa sau huɗu-huɗu: kowa kore, kowa ja, mu ja su kore, mu kore su ja.

Ga alƙaluman, don a kansu komai ya rataya. Cika kwangilar huɗu a mashi yana kawo maki 420 a kore, 620 a ja. Gazawa da zagaye ɗaya tarar 50 ce a kore, 100 a ja. Amma idan abokan hamayya suka ce "ninki", wato sun yi imani ba za ka cika ba, tarar kore takan tashi 100, 300, 500, 800, ta ja kuwa 200, 500, 800, 1,100.

To, mai karatu, ɗauki wannan hannu: kati bakwai a mashi, da Sarki da Sarauniya da Jak da goma a samansu, sauran katunan shida kuwa tarkace. A ma'aunin Work ƙimarsa 6 ce kacal, rabin abin buɗe tayi. Amma idan mashi ne mai iko, zagaye shida na hannunka ko da abokinka bai kawo komai ba. Idan kana kore su suna ja, sai ka yi tsalle ka ce "uku a mashi" tun kafin su buɗe baki. Ka ci musu filin da za su tattauna, kuma mafi munin abin da zai same ka shi ne gazawa da uku a ninke, tarar 500, alhali da ka yi shiru 620 za su kwasa, ko ma fiye. Asara ce mai riba, irin ta wanda ya ba da akuya ya tsirar da saniya. Yanzu juya launin: kai ja, su kore. Katunan ba su canja ba, amma gazawa da uku ta koma 800, abin da kake hana su kuwa 420 ne kawai. Ko da biyu ka gaza, 500 ce, ka faɗi. Tayin da ya zama hikima ɗazu ya koma ganganci. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada tun zamanin Ely Culbertson ta taƙaita shi: kada tayinka ya wuce ƙarfin hannunka da fiye da zagaye biyu a ja, ko uku a kore.

Har masu dokar wasan sai da wannan lissafi ya tilasta musu gyara. A gasar duniya ta Bermuda Bowl ta 1981, wadda Amurka ta lashe bayan ta doke Pakistan a wasan ƙarshe, Jeff Meckstroth ya ga abokan hamayyarsa da ke kan ja sun kai babban silam a jinsin zuciya, wanda ladarsa 2,210 ce. Shi yana kore, da hannun da ba ya da wani abin kirki, sai ya yi tayin bakwai a mashi. Aka ninka, ya gaza da zagaye tara. A dokar wancan lokaci tarar 1,700 ce, ya ci ribar 510 da faɗuwar da ko ɗan koyo zai ji kunyarta. A 1987 aka ƙara tarar kore daga zagaye na huɗu zuwa sama ta koma 300 kowanne. Da yau ne, 2,300 zai biya.

Inda nake ganin mutane da yawa suna tuntuɓe, ciki har da waɗanda suka daɗe a teburi, shi ne ɗaukar ja a matsayin umarnin "yi hattara" a kowane hali. Ba haka lissafin ya ce ba. A gasar ƙungiya da ƙungiya ana mayar da bambancin maki zuwa wani ma'auni na ƙasa da ƙasa. Ka ce kai da abokinka kuna shakka tsakanin tsayawa a uku ko zarcewa huɗu a mashi. Idan kuna ja kuka zarce kuka cika, 620 kuka samu maimakon 170, ribar 10 ke nan a wancan ma'auni. In kuka gaza, kun biya 100 kun kuma rasa 140, asarar 6. Wanda ke sa 6 don ya ci 10 ba ya buƙatar tabbas. Ko damar nasararsa kashi 38 cikin ɗari ce, ya kamata ya shiga. A kore kuwa ribar 6 ce, asarar 5, sai damar ta kai kusan kashi 45. Ashe launin da ke hana ka tayin tare hanya da hannu marar ƙarfi, shi ne kuma ke tura ka neman gem da hannu mai ɗan dama-dama. Na sha ganin mutum mai hankali, wanda a wurin aikinsa yake auna riba da asara kullum, ya ajiye hannu mai kyau a uku don kawai ya ga ja, yana jin ya yi dattaku. Tsoron tara ya rufe masa ido daga ladar da ta ƙaru fiye da tarar.

Idan aka koma gasar da ake jera sakamakon kowane allo a kwatanta da na sauran teburori, lissafin ya sake sauya kama, domin a can yawan ratar ba shi da muhimmanci, wa ya fi wa kawai ake dubawa. Faɗan ya fi zafi a ƙananan kwangiloli masu ladar 110 zuwa 170. Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya fito da wata ƙa'ida da Larry Cohen ya yaɗa a littafinsa na 1992, wadda a aikace take cewa idan ana jayayya, ku yi tayi daidai yawan katunan da kuka haɗa a jinsinku mai iko: in tara ne, ku je zagaye tara. Tana aiki sosai a kore, inda gazawa da ɗaya 50 ce, ko 100 a ninke, duk ƙasa da 140 ɗin da za su samu. A ja kuwa zagaye ɗayan nan a ninke 200 ne, kuma 200 ta fi duk wata ƙaramar kwangila da ke hannun abokan hamayya. Shi ya sa a irin wannan gasa gwani mai katunan iko tara, idan yana ja, yakan ɗan dakata ya dubi wanda ke hagunsa, ya auna ko irin mutumin nan ne mai saurin cewa "ninki".