Abin Da Ya Sa Ba A Gajiya Da Kallon "Mother India"

Duk wanda ya yi zamani da gidajen silima na Kano, irin su Rex da Plaza da Orion da Marhaba, ya san akwai fim ɗin da ba a tambayar mutum ko ya gani, sai dai a tambaye shi sau nawa ya gani. Wannan kuwa shi ne "Mother India", wanda Mehboob Khan ya shirya a ƙasar Indiya cikin 1957.

Lebanawa 'yan kasuwa, waɗanda a hannunsu yawancin gidajen silima suke a wancan lokaci, su ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya ƙasar nan. Wani masani mai suna Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya rubuta cewa har a lokacin idan aka sa wannan fim sai gida ya cika, alhali kuwa ya kusa shekara 40 da fitowa. Galibin 'yan kallo ba su jin Indiyanci, amma wasunsu sun haddace waƙoƙin da maganganun, har sukan riga 'yan wasan furta su.

To, me mutum yake nema a labarin da ya riga ya san ƙarshensa? Amsar tana cikin labarin kansa. Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, matar manomi ce. Surukarta ta ci bashin rufi 500 wurin Sukhilala mai ba da kuɗi da ruwa don a yi bikin aurensu. Daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu ya zama nasa kowace kaka. Dutse ya danne wa mijin hannuwa ya nakasa, kunya ta sa ya bar gida, sa'an nan ambaliya ta cinye ɗan abin da ya rage. Manomin ƙasar Hausa da ya taɓa cin falle da damina, ya biya ninki da kaka, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan.

Amma fa abin lura shi ne, fim ɗin yana nan yadda yake, mai kallo ne ke sakewa. Saurayi yakan bi bayan Birju, ɗan Radha mai zafin zuciya, wanda ya zama ɗan fashi ya kashe Sukhilala. Idan saurayin nan ya yi iyali ya koma kallo, sai hankalinsa ya koma kan uwar, wadda ta ja garma da kafaɗarta, ta kuma ƙi sayar da mutuncinta ko da yunwa ta kama 'ya'yanta. A ƙarshe ita da kanta ta harbe Birju, domin ya sace 'yar Sukhilala ran aurenta. Yaro yana ganin wannan rashin tausayi ne, dattijo kuwa yakan yi shiru.

Daɗin daɗawa, wanda ya san ƙarshen labari ba ya cikin ɗokin abin da zai faru, saboda haka idonsa yakan kama abubuwan da suka wuce shi da farko. Wanda ya ji cewa Sunil Dutt, mai fitowa a Birju, shi ya ceci Nargis daga gobarar da ta tashi wurin ɗaukar fim ɗin, har suka yi aure cikin 1958, ba zai sāke kallon uwa da ɗan nan da idon da ba.

Yau yawancin gidajen silimar nan sun rufe. Bidiyo ya maye gurbinsu, finafinan Hausa suka biyo baya tun daga "Turmin Danya" na 1990, yanzu kuma kowa da wayarsa a hannu. Maimaita kallo ya yi sauƙi, amma an rasa taron jama'a masu amsa waƙa baki ɗaya a fili cikin dare. Dattijon da ya zaunar da jikokinsa ya kunna musu "Mother India", ba Radha kaɗai yake dubawa ba. Yana tuna abokan da suka zauna benci ɗaya da shi, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.