Tsakanin Canji Da Sauyi: Abin Da Ruwan Tiga Ke Faɗa Wa Kanawa

Babu wata kalma da ta sha wahala a bakin 'yan siyasar Jihar Kano kamar kalmar "canji". Kalma ce ta aro daga Turanci, amma Bahaushe ya karɓe ta hannu biyu, ya kai ta kasuwa ya ba ta gurbi. Idan ka miƙa wa mai shago takardar naira 1,000 ya ba ka 'yan 200 guda biyar, ya yi maka canji ke nan. Takardu sun ƙaru a aljihunka, arzikinka kuwa yana nan inda yake. Kalmar "sauyi" kuma tamu ce ta gado, da ita muke faɗin yadda rani ke wucewa damina ta shigo, ƙasa ta canza kama, abin da ke cikin rumbu ya bambanta da na jiya. Abin da nake so mai karatu ya taya ni dubawa a yau shi ne, daga cikin waɗannan biyu wanne ne talakan Kano ya samu a hannun waɗanda ya yi ta bin layi cikin rana yana zaɓa?

Ba a cikin birni za mu nemo amsa ba, domin gadojin sama da fitilun kan titi suna ɗauke hankali. Mu kama hanyar Zariya, mu ratsa ƙasar Kumbotso, mu haye gadar Tamburawa, mu shiga Kura da Kadawa, daga nan mu leƙa Bunkure. A tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙurmus, matafiyi zai iske wannan yanki kore shar: ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, kuma da damina shinkafa ce iya ganinka. Duk Bakanon da ya ga wannan bai ji kansa ya ƙara girma ba, to a bincike shi.

Wannan albarka tana da tarihi. An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako riƙonta har zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan aka kammala ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, wadda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga aka jawo babban kanal, aka rarraba shi zuwa ƙananan magudanai, ta yadda ruwa ke gangarowa da kansa har cikin fangali ba tare da injin ban-ruwa ba. An tsara kashin farko na shirin zai shayar da hekta 22,000. Ba a cimma wannan adadi gaba ɗaya ba, kuma gaskiya ce cewa an tashi ƙauyuka domin aikin, sannan mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ɗanɗana kuɗarsu saboda ruwan da aka tare musu. Duk da haka, shekaru hamsin ke nan wannan ruwa yana ciyar da jama'a. Wannan shi ake kira sauyi, domin ya mayar da manomin wata huɗu manomin shekara.

Ni kaina ɗan wannan sauyi ne. Kakana marini ne a Kura, garin da tun kafin zuwan Turawa ya yi suna wajen rini da bugu, har Buzaye daga Agadas da gaba da nan suke neman turkuɗi da rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura. Da yadin kanti da rinin zamani suka ci kasuwar baba, marinarmu ta mutu kamar sauran, aka bar ramukan karofi sun cika da shara. Ruwan Tiga ne ya tsamo gidanmu. Mahaifina ya rungumi noman rani, kuma da kuɗin alkama da tumatir ya sayi fili a ƙasar Kumbotso, ya sa mu makaranta. Duk digirin da na tara, asalinsa daga bakin kanal ya fito. Gidaje irin namu ba su ƙirguwa tsakanin Kura da Garun Malam da Bunkure. Saboda haka idan na ce ina alfahari da Kano, ina nufin hannayen da shuni ya rine da ƙafafun da suka tsage a cikin taɓo, waɗanda suka sa ake yi wa garin kirari da tumbin giwa.

To, mu dawo kan canji. Kano ce uwar siyasar neman 'yanci a Arewa. A nan aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, da kiran Sawaba, kuma iyayenmu sun sha ɗauri da bulala a kan aƙidar Malam Aminu Kano. Da PRP ta kafa gwamnati a 1979, Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci. Talaka ya ji a jikinsa cewa ƙuri'a tana da amfani. Amma ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, Rimi ya koma NPP a 1983, Malam ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, soja kuma suka share kowa a ƙarshen Disamba.

Daga 1999 zuwa yau Kanawa ba su taɓa yin ƙasa a gwiwa ba wajen kawo canji. Sun zaɓi Rabi'u Musa Kwankwaso a PDP, suka kayar da shi a 2003 suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau na ANPP, abin da ba kasafai ake yi wa gwamna mai ci ba a ƙasar nan. A 2011 suka dawo da Kwankwaso. A 2015, shekarar da kalmar canji ta zama kamar sallama, sun ba Muhammadu Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9, suka kuma zaɓi Abdullahi Umar Ganduje a APC. A 2023 suka juya wa APC baya a jiha suka zaɓi Abba Kabir Yusuf a ƙarƙashin NNPP. Wace jiha ce ta kai wannan farkawa?

Sai dai idan aka zauna aka dubi sunayen da kyau, za a ga takardar nan ce ta naira 1,000 ake ta canzawa. Ganduje mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Shekarau ya bar APC zuwa PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, sannan cikin shekara guda, wato 2022, ya shiga NNPP ya fita zuwa PDP. Hausawa sun kira wannan ɗabi'a "sauya sheƙa", kuma a matsayina na ɗalibin harshe ina jinjina wa wanda ya fara ƙaga wannan magana, domin ya gama bayani: sheƙa ce ake sauyawa, tsuntsun shi ne na jiya, da bakinsa da cikinsa. Haka kuma siyasarmu ta tashi daga sunayen aƙida irin su Sawaba ta koma sunayen mutane da aka lanƙaya wa ɗafin "-iyya", Kwankwasiyya da Gandujiyya. Da zarar tafiya ta ɗauki sunan mutum, ba a ƙara tambayar ina aka dosa, sai dai wa ake bi.

Kada a ce ina yi wa kowa kuɗin goro. Kowace gwamnati daga cikin waɗannan ta bar abin nunawa: makarantu da jami'o'i, tura ɗalibai karatu waje, matatar ruwa, asibitoci, gadoji da tituna. Tambayata ita ce, nawa ne daga ciki ya kai bakin fangalin manomin Bunkure? Abin da ya fi kai masa shi ne rigimar manya. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, Kura da Bunkure suka wayi gari a ƙarƙashin Rano. A watan Mayun 2024 aka rushe dokar, suka koma Kano. Bayan 'yan makonni aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, Bunkure ta sake komawa can. Manomi yana zaune a gonar da ya gada, an canza masa sarki sau uku cikin shekaru biyar, amma hanyar da zai fito da kwandon tumatirinsa zuwa Kwanar Gafan tana nan da ramukanta.

Shi kansa shirin noman ranin ya zama maraya mai iyaye biyu. Jihar Kano ce ta haife shi, amma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Tun daga nan jiha take ganin nauyin na Tarayya ne, Tarayya kuma tana nesa. Shekara da shekaru yashi da ciyawar kacala suka toshe magudanai, ƙofofin ruwa suka lalace, na kusa da bakin kanal ya sha ya yi ɓarna, na ƙarshe ya zauna jiran tsammani. Gyara mai ma'ana bai zo ba sai da rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014. Abin a yaba ne, amma kuma abin kunya ne a ce jihar da ta gina Tiga ta kasa tsayawa a kan yasar kanal sai baƙo ya ba da bashi.

Ga kuma manufofin da ke juyawa kamar iskar hunturu. A 1987 aka hana shigo da alkama, manoman Kadawa suka duƙufa, bayan 'yan shekaru aka janye hanin, aka bar su da hamma. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, kasuwar shinkafar Kura ta bunƙasa, matan da ke turara shanshera da masu injin casa suka ga alheri. A 2024 kuma aka buɗe ƙofar shigo da abinci ba tare da haraji ba na wani lokaci, farashin shanshera ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Man fetur da aka sha a naira 87 a farkon 2015 ya haura naira 500 bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ya kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma duk manomin da gonarsa ke wajen kanal da injin fetur yake ban-ruwa. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai yi wa kowa daɗi, ga kuma tsutsar nan da ta cinye gonaki a shekarar. Ta yaya mutum zai tsara noman shekara uku alhali bai san dokar da za ta wayi gari gobe ba?

Ita kuwa Kumbotso, labarinta ya fi ban tausayi. Birni ya haɗiye ta. Gonakin da muka sani muna yara a wajejen Panshekara da Zawaciki da Ɗanbare sun zama fulotai, magada suna sayarwa suna raba kuɗin, bayan shekara biyu babu gona babu kuɗi. A ƙasarta rukunin masana'antu na Challawa yake, kuma an daɗe ana kuka da dagwalon majemu da ke malala cikin kogi. A ƙasarta aka kafa matatar ruwan Challawa tun farkon shekarun 1930, amma unguwanni da dama na ƙaramar hukumar da 'yan garuwa suka dogara. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, muna kuma fatan alheri gare ta, sai dai tasha ba ta da amfani ga mai gida idan kayan wasu kawai za ta sauke, ba ta ɗauki namu ba.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin tsararrakina suka yanke ƙauna. Wasu sun ce sun daina zaɓe, wasu sun tattara sun koma Abuja ko ƙasashen waje, sai dai a gan su a Facebook suna kirarin Kano daga nesa. Ina fahimtar ɓacin ransu, amma ban yarda da maganinsu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuma idan masu ilimi suka janye, fili ya zama na mai raba taliya da sabulu ranar zaɓe.

Abin da nake ganin ya kamace mu shi ne mu canza tambayar da muke yi wa masu neman ƙuri'a. Mun daɗe muna tambayar launin hula da sunan uban gida. Idan ɗan takara ya zo Kura ko Bunkure ko Kumbotso, dattawa da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da matasan da suka yi karatu su zaunar da shi su tambaye shi: nawa za ka ware kowace shekara domin yasar magudanai tare da hukumar koguna? Yaushe za a kammala hektocin da suka rage tun zamanin Audu Bako? Wace hanyar gona za ka gyara, kuma a wace shekara? Ina za a ajiye tumatir idan ya yi kwantai? Wace doka za ta hana a yanka ƙasar noma a mayar da ita fulotai, kuma wa zai hukunta mai zuba dagwalo a Kogin Challawa? A rubuta amsarsa, a ajiye, a karanta masa bayan shekara huɗu a gaban jama'a. Wanda ya cika, a sake ba shi ko daga wace sheƙa ya fito. Wanda ya saɓa, a sallame shi ko da hular wa ya sa.

Audu Bako bai nemi ƙuri'ar kowa ba, kuma ba ina kiran a koma mulkin soja ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, idan wanda ba mu zaɓa ba ya iya yin tunanin shekaru hamsin, wanda muka sha rana muka zaɓa ba shi da hujjar tsayawa a tunanin shekara huɗu. Mun gaji da sauya wa tuwo suna. Allah Ya ba Kano shugabanni masu haƙa abin da jikoki za su sha, Ya kuma ba mu, mu talakawa, basirar gane su idan sun zo. Amin.