Shin Ko Kun San Motsa Jiki Kan Ƙara Wa Mutum Nauyi a Makon Farko?

Shin ko kun san mutum zai iya fara motsa jiki don ya rage teɓa, bayan mako guda ya hau sikeli ya tarar ya ƙara kilo ɗaya ko biyu? Ƙwarai kuwa! Ga gumi ya sha, ga cinyoyi sun yi tsami, ko durƙusawa sai da cije leɓe, amma sikeli ya yi sama. A nan gwiwar mutane da yawa ke yin sanyi, su ce ba riba. To ku tsaya ku ji. Ba kitse ba ne. Ruwa ne!

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ledar fiya wata rabin lita ce, wato rabin kilo. Ku shanye leda biyu ku hau sikeli yanzun nan, kun ƙara kilo guda ba tare da kun kai loma baki ba. Shi kuwa kitse? Kafin jiki ya tara kilo ɗaya nasa, sai mutum ya ci rarar kalori wajen 7,700, kusan abincin kwana uku ke nan a kan wanda ya saba ci. Wa ya ci wannan a mako ɗaya?

Ga wani abin mamakin. Tuwo, shinkafa, taliya da doyar da kuke ci, jiki na mayar da wani kaso nasu wani irin sukari na ajiya mai suna gilaikojin. Wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, shi ya gano shi a cikin hanta a 1857. Babban mutum kan ajiye wajen giram 100 a hanta, da wajen giram 400 a tsoka. Kun san me? Kowane giram ɗaya ba ya zama shi kaɗai, sai ya riƙe giram 3 zuwa 4 na ruwa. Ku buga lissafin: rabin kilon gilaikojin, ruwa kilo ɗaya da rabi ko biyu! Kuma da zarar tsoka ta ga an ƙara mata aiki, sai ta faɗaɗa ajiyarta.

Ku ji yadda aka tabbatar da haka. A 1966, wasu likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka sa keken motsa jiki guda ɗaya a tsakaninsu. Wannan ya zauna a dama, wancan a hagu, kowa na murza feda da ƙafa ɗaya tak, ɗayar na hutawa, har suka gaji liƙis. Sai suka kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci, ana caka musu allura a cinya ana gutsuro ɗan naman tsoka don aunawa. Ƙafar da ta sha wuya ta tara gilaikojin kusan ninki biyu na wadda ta huta. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, ƙafa biyu, ajiya daban! Wallahi wannan gwaji na burge ni, domin da jikinsu suka yi shi.

Tsamin jikin nan fa? Sabon atisaye kan ɗan yayyage zaren tsoka, yagewar da ido ba ya gani. Jiki sai ya turo ruwa wurin don gyara, wurin ya ɗan kumbura. Ciwon kan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Shi ya sa jibi ta fi gobe wuya.

Jini ma ba a bar shi a baya ba. Cikin 'yan kwanaki da fara gudu ko tuƙa keke, ruwan da ke cikin jini kan ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100, musamman in ana yi cikin zafi. Riba ce wannan, zuciya ta sami sauƙin aiki, jiki ya fi saurin hucewa.

Kada ku manta, wajen kashi 60 cikin 100 na jikin babban namiji ruwa ne. Tsoka kuwa kusan kashi 75!

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. A gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjalis, ɗan tseren Amurka Alberto Salazar ya riƙa zubar da gumi wajen lita 3.7 a kowace awa. Ya gama tseren ya rage fiye da kilo 5. Cikin awa biyu da 'yan mintuna! A gudun Bostan na 2002 kuma, an sami waɗanda suka ƙare tseren kilomita 42 sun fi nauyin da suka fara da shi, saboda yawan ɗirkar ruwa a hanya. Kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada, gishirin jininsu ya yi ƙasa.

Ku haɗa da tsiren dare mai yaji da gishiri, ko miyar da ta ji dunƙule, ko kwanakin da ke gab da al'adar mata. Duk suna riƙe ruwa. Ko ba motsa jiki, nauyi kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya zuwa biyu a yini.

Ruwan kumburin kan sauka da kansa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. Kada ku rage shan ruwa don ku faranta wa sikeli. Ku auna da sassafe, bayan kun kewaya, kafin karin kumallo, ku kwatanta mako da mako, ku kuma lura da ƙugun wando. Amma in ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi tare da ciwon tsoka mai tsanani, ku garzaya asibiti a ranar. In ba haka ba, ku ci gaba da atisayenku, ku kuma faɗa wa abokin gudunku kada ya daina.