Wa Ya Tsallaka Iyakar Jibiya Don Gudun Haraji?

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba an ɗauke masa harajin kuɗin shiga. Wanda nasa ya haura naira miliyan 50 zai biya kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura ɗin. An kuma ƙara nauyin harajin ribar sayar da kadara da hannun jari. Tun ana muhawara a majalisa aka fara jin tsohuwar barazanar nan: ku matsa wa masu kuɗi, za su tattara nasu ya nasu su bar muku ƙasar.

Maganar tana kama hankali, amma magana ce da ake iya bin sawunta, kuma babu inda ya fi Jibiya dacewa a bi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Ka wuce Magama, ka shiga Ɗan Isa, ka riga ka bar Nijeriya, amma ba ka bar harshenka ba, ba ka bar addininka ba, wataƙila ma gidan surukanka za ka sauka. Mai sarautar Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadi ne suka kafa mulki a can. Attajirin wata ƙasa in zai yi hijira sai ya koyi sabon harshe, ya rabu da dangi. Na Katsina mota kawai zai tayar bayan sallar asuba, ya yi karin kumallo a sabon gidansa. In har haraji yana korar mai kuɗi, a wannan hanya ya kamata a ga sawunsa birjik.

To, ta wace fuska ya kamata sawun ya nufa? Harajin sayen kaya a Nijar kashi 19 ne, a Nijeriya kashi 7.5. Harajin albashi a can yana kaiwa kashi 35, a nan kafin sabuwar doka kashi 24 ne ƙarshensa. Da lissafin masu barazana gaskiya ne, da tuni Alhazan Maraɗi sun cika unguwannin Katsina da Kano. Ba su zo ba. Attajiran Katsina su ma ba su koma Maraɗi ba, duk da kukan da suka daɗe suna yi da kuɗin kwastan. Kowa yana garinsu, yana gina masallaci, yana aurar da 'ya'yansa.

Sai dai ga abin da ya hana a rufe maganar a nan. Maraɗi gari ne da ba shi da teku, tsakaninsa da tashar jirgin ruwa ta Kwatano ya fi kilomita 1,000, manyan masana'antunsa kuma ba su da yawa. Duk da haka shi ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Shekara da shekaru sito-sitonsa suna cika da taba sigari da atamfa da gwanjo da shinkafa, fiye da abin da mutanen garin za su iya sha ko sawa ko ci. Wani abu dai yana tsallaka iyakar nan saboda haraji. In ba attajirin ba ne, mene ne?

Tsohon sawu ya fi sabo fitowa, don haka a fara da zamanin Turawa. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Faransa da na Ingila, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba ƙasar Katsina gida biyu. Ba a jima ba mutane suka fara kwararowa kudu. Mulkin Faransa ya fi tsanani: ga lanho a kan kowane kai, ga aikin tilas, ga ɗibar samari zuwa soja, kuma sai a 1946 aka soke aikin tilas ɗin. Waɗanda suka gudo manoma ne, talakawa, mutanen da duk abin da suka mallaka jaki ɗaya zai ɗauka. Haraji ya kore su, babu musu, amma ba don sun fi kowa kuɗi ba. Sun tashi ne domin abin da ake nema a hannunsu ya fi ƙarfinsu, kuma babu abin da ya ɗaure su.

Akwai masu dukiya iri ɗaya da suka shahara da kauce wa haraji a wancan zamani, su ne makiyaya. Jangali tsohon abin ƙorafi ne, tun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soke shi a cikin Kitabul Farƙ. In lokacin ƙirga ya zo da damina, mai garke yakan kora shanunsa cikin daji ko hayin iyaka, ya dawo bayan masu ƙirga sun wuce. A Oktoban 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Jibiya take cikinta a lokacin. A lura da kyau: dukiyar makiyayi tana da ƙafa. Mai rumbu da kanti da gidan soro ba shi da wannan dama.

Shi kuwa babban ɗan kasuwa, in ya tashi, kasuwa yake bi. Alhassan Ɗantata ya yi fataucin goro a Gwanja, ya zauna a ƙasar da yanzu ake kira Gana, amma da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sai ya dawo gida. Kano ce kuwa mai baitulmalin En'e mafi ƙarfi a Arewa, inda karɓar haraji ya fi tsari. Bai guje ta ba. A nan ya zama attajirin da ake kwatance da shi har rasuwarsa a 1955.

Yanzu a koma sito-siton Maraɗi. Wani manazarci Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya yi bincike a garin, ya fitar da littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Abin da ya nuna shi ne da gyaɗa suka fara, suna saye wa kamfanonin Turawa. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya dagula hanyoyin kudu, ya buɗe musu ƙofar kai kaya Arewa. Da farin shekarun 1970 ya kashe noman gyaɗa, sai suka rungumi wata sana'a da ta fi gyaɗa riba. Nijeriya ta haramta shigo da wasu kayayyaki, wasu kuma ta ɗora musu kuɗin fito mai nauyi don ta kare masana'antunta. Nijar ba ta hana ba. Sai a sauke kaya a Kwatano ko Lome da takardun wucewa, su shigo ta Gaya, su isa Maraɗi. Gwamnatin Nijar ta karɓi nata harajin na sake fitar da kaya, a kan doka, a rubuce. Daga nan sai 'yan fito su karɓa, su bi hanyoyin daji da dare, kayan su wayi gari a kasuwannin Katsina da Kano. Da Nijeriya ta kai kuɗin shigo da shinkafa kashi 110 a 2013, hanyar ta ƙara cika. Da ta hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016, da motoci daga farkon 2017, abin da ya tashi shi ne ladan ɗan fito.

A nan bakin zaren yake. Wannan ciniki mutum biyu yake buƙata, kuma amana ce jarinsa. Alhajin Maraɗi dole ya zauna a Maraɗi, domin shi ke da takardun Nijar, shi ke da asusun banki na sefa, kuɗin da aka ɗaure da na Faransa, daga baya da yuro, wanda mai kaya a Turai ko Asiya zai karɓa ba gardama. Abokin hulɗarsa na Kano ko Katsina shi ma dole ya zauna inda yake, domin shi ke da kasuwa mai mutane miliyoyi, shi ya san dillalai, shi ake ba bashi a ba shi. Ran da ɗaya ya koma garin ɗaya, ribar ta mutu. Bambancin harajin da ake cewa zai kori attajiri, a iyakar Jibiya shi ne ma ya dasa kowane attajiri a gefensa. Abin da ya yi hijira buhu ne da katon da takarda. Asarar kuwa ta faɗa a kan baitulmalin Nijeriya da masaƙun Kano da Kaduna, waɗanda atamfar waje tana cikin abubuwan da suka durƙusar da su.

Wani zai ce wannan labarin kuɗin fito ne, ba harajin da ake ɗora wa mutum a kan samunsa ba. Gaskiya ne, don haka a leƙa inda aka auna wancan ɗin. A Amurka kowace jiha tana da nata harajin, wasu ma ba su karɓar na kuɗin shiga, kuma ƙaura daga jiha zuwa jiha ba ta buƙatar fasfo. Wani mai bincike, Cristobal Young, da abokan aikinsa sun bi bayanan haraji miliyan 45 na masu samun dala miliyan ɗaya ko fiye a shekara, daga 1999 zuwa 2011. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna kashi 2.4 ne kacal na waɗannan attajirai ke sauya jiha a shekara, alhali a cikin masu ƙaramin samu abin ya kai kashi 4.5. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kuɗi yawanci ya manyanta, yana da iyali, yana da harkar da ta kafu a wuri ɗaya, da mutanen da suka san darajarsa.

Akwai masu tashi, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Lokacin da Faransa ta yi shelar harajin kashi 75 a kan samun da ya wuce yuro miliyan ɗaya, ɗan fim Gérard Depardieu ya koma Néchin a Beljiyam a ƙarshen 2012, ƙauyen da ke dab da iyaka. Attajiri Bernard Arnault ya nemi zama ɗan Beljiyam, ya janye a 2013. Da Norwe ta ɗaga harajin dukiya zuwa kashi 1.1 a 2022, attajirai da dama sun koma Suwizalan, cikinsu har da Kjell Inge Røkke. Amma a duba irinsu: ɗan wasan da sana'arsa ke jikinsa, da masu hannun jarin da ake juyawa ta waya. Su ne makiyayan wannan zamani. Røkke ya tafi, kamfanoninsa na Aker suna nan a Norwe, gwamnatin ƙasar kuma ta ƙara tsaurara harajin da ake biya in za a fita da dukiya.

Saura tambaya guda, kuma ita ta fi ci mini rai. Duk wanda ya san Jibiya ya san masu hali da yawa sun bar ta a 'yan shekarun nan. In ba haraji ba, me ya kore su? A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020 ba a sa Jibiya ba, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. Kowace rufewa ta kashe cinikin halal na mai gero da mai tumaki da direba, ta bar wa mai bin daji fili.

A kan wannan kuma ga 'yan bindiga. Abin ya kai a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ba a jima ba aka katse layukan waya a yankin. A ƙauyuka da dama na Katsina da Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga sun yanka wa mutane kuɗi kafin su yi shuka, sun sake yankawa kafin girbi. Wanda aka san yana da abin hannu shi ake fara ɗauka, a sayar da gona da shanu a fanso shi. Wannan karɓa ba ta da ƙa'ida, ba ta da rasit, ba ta da ranar ƙarewa, kuma ita ce ta tayar da mutane. Mai hali ya koma birnin Katsina ko Kano. Marar hali ya bi tsohuwar hanyar kakanninsa ta baya, ya tsallaka arewa: tun daga 2019 dubun-dubatar 'yan Nijeriya suka nemi mafaka a jihar Maraɗi ta Nijar, ƙasar da harajinta ya fi namu nauyi.

Saboda haka ban ga dalilin da zai sa hukumar tara haraji ta ji tsoron kashi 25 ba. Attajirin da arzikinsa ke Kantin Kwari ko Dawanau ko kasuwar Jibiya ba zai tashi ba. Inda ya kamata a sa ido shi ne inda kuɗi ke sulalewa mai su yana zaune a gida: asusun waje, gidajen Dubai, da kayan da ake rubuta wa Nijar alhali Kano za su. Masu tsara kuɗin fito su riƙa tuna cewa duk giɓin da suka buɗe tsakaninmu da maƙwabta, akwai mai mota da ke jiran sa a Ɗan Isa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi, kuma ba zai yi amfani ba in ana buɗe iyakar yau a rufe gobe. A karɓi harajin daga hannun masu shi, a rage shingayen da ke tatsar ƙaramin ɗan kasuwa tsakanin Katsina da Magama, a kashe kuɗin wajen tsare ran manomin Jibiya da gonarsa.