NA'URAR DAIDAITA ERIYA: ABIN DA TAKE IYAWA DA ABIN DA YA FI ƘARFINTA

Duk mutumin Arewa da ya daɗe da zama a Kudu ya san darajar akwatin rediyo. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Amurka kuma a 1979, an yi shekaru masu yawa ba a shiga unguwar Hausawa a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu da magariba ba tare da an ji wani yana murɗa akwatinsa a kan gajeren zango ba. In magana ta ƙi fitowa sosai, sai a sami guntuwar waya a ɗaura wa eriyar, a jefa ta kan rufin kwano, shi ke nan murya ta washe.

Wannan dabara ta isa ga mai sauraro. Amma akwai wasu mutane da sauraro kaɗai bai ishe su ba, su ma suna so su yi magana a ji su a Kano ko Yamai ko Landan, daga cikin ɗakinsu, ba da tarho ba, ba da intanet ba. Su ne ake kira masu rediyon sha'awa, kuma a wurinsu guntuwar waya ba abin wasa ba ce, domin in ba a yi hankali ba ita ce za ta ƙone na'urar da mutum ya yi shekara yana tara wa kuɗi.

SU WANE NE MASU REDIYON SHA'AWA?

Mutane ne da suka koyi aikin rediyo don sha'awa da neman ilmi, ba don neman kuɗi ba. Gwamnatin kowace ƙasa takan ba su lasin da lambar kira. An kafa ƙungiyarsu ta Amurka a 1914, ta duniya baki ɗaya kuma a birnin Faris a 1925. Lambar ɗan Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Kamaru da TJ, ta Chadi da TT, ta Sudan kuma da ST. Har sarakuna sun yi wannan sha'awa, domin marigayi Sarki Husaini na Jodan, wanda ya rasu a 1999, sananne ne a cikinsu da lambar JY1.

Amfaninsu yakan fito fili ranar da masifa ta auku. Lokacin da igiyar ruwa ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a 2004, da lokacin girgizar ƙasa ta Nefal a 2015, hanyoyin sadarwa sun lalace, masu rediyon sha'awa suka taimaka wajen isar da saƙonni da batir da 'yar waya a kan bishiya.

KOWANE ZANGO DA AWON WAYARSA

Mai karatu zai tuna da lambobin da ake rubutawa a fuskar akwatin rediyo, mita 49, mita 31, mita 19. Waɗannan lambobi tsawon igiyar rediyon ne da ke tafiya cikin iska. Masu rediyon sha'awa suna da nasu zangon, manyansu su ne mita 80, da 40, da 20, da 15, da 10. Taron duniya da aka yi a Janeba a 1979 ya ƙara musu mita 30, da 17, da 12.

To, ga inda gizo ke saƙa. Eriya mafi sauƙi ita ce waya miƙaƙƙiya wadda aka raba biyu, aka haɗa kebul a tsakiyarta, kuma tsawonta ya zama wajen rabin tsawon zangon. Wato mai son mita 80 yana bukatar waya mita 40, mai son mita 40 yana bukatar mita 20, mai son mita 20 yana bukatar mita 10. Wanda ke da fili a ƙauye sai ya kafa sanduna ya shanya wayoyi yadda ya ga dama. Amma mai haya a ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Obalende, ina zai sami filin waya takwas? In mai gida ya yarda masa da guda ɗaya ma, ya gode Allah.

Su kuwa na'urorin watsa magana an ƙera su ne a kan awo ɗaya, wanda masana ke kira om 50. In eriya ta yi daidai da wannan awo, sai ta karɓi ƙarfin da aka aika mata. In ba ta yi daidai ba, sai wani kashi ya juyo baya ta cikin kebul ya nufo na'urar. Akwai agogon da ke auna wannan saɓani, ana kiran awon SWR. In agogo ya nuna 1 ga 1, lafiya lau. In ya nuna 2 ga 1, wajen kashi 11 cikin ɗari na ƙarfin yana juyowa. In ya kai 3 ga 1, kashi 25 cikin ɗari ke nan.

Na'urorin da, masu aiki da bawul, suna da haƙuri, kuma a jikinsu akwai maɓallai biyu da mutum zai murɗa ya rage saɓanin. Na zamani masu taransisto ba su da wannan juriya. Da zarar awo ya wuce wajen 2 ga 1, yawancinsu sukan rage ƙarfi da kansu don tsira da lafiyarsu. Wadda ba ta da wannan kariya kuwa, taransistonta na ƙarshe kan yi zafi har ya ƙone, kuma samun madadinsa ba ƙaramin aiki ba ne.

AIKINTA AIKIN DILLALI NE

Wanda ya taɓa shiga kara ya san mai shanu da mahauci ba sa haɗuwa a kan kuɗi ɗaya sai dillali ya shiga tsakani. Haka na'urar daidaita eriya take. Ana sa ta tsakanin rediyo da eriya, ta nuna wa rediyo om 50 ɗin da yake so, ta kuma miƙa wa eriya ƙarfin ta hanyar da za ta karɓa.

Kayan cikinta iri biyu ne kawai, naɗin waya da kondensa. A da mutum ne yake murɗa su da hannu, idonsa a kan agogo, har allura ta sauka. Duk lokacin da ya sake zango sai ya sake murɗawa, wasu ma har takarda suke liƙawa a bango don kada su manta inda kowane maɓalli ya tsaya. A farkon shekarun 1980 ne kamfanonin Japan irin su Kenwood da Icom suka fara sayar wa masu sha'awa wadda ke daidaita kanta, ana sa mata 'yan ƙananan injuna su yi murɗawar.

Yawancin na yanzu ba su da abin da ke juyawa. A cikinsu akan jera naɗin waya bakwai ko takwas, da kondensa bakwai ko takwas, kowanne ya ninka na bayansa girma, kowanne kuma da ɗan makunninsa. Takwas sukan ba da haɗi iri 256. In aka haɗa na naɗin waya da na kondensa, aka kuma lissafa cewa ana iya sa kondensar ta gefen rediyo ko ta gefen eriya, sai a sami haɗi 131,072. Wata 'yar kwamfuta ce ke zaɓa daga ciki. Mutum zai danna maɓalli, rediyo ya aika ɗan ƙarfi kaɗan kamar wat 5 ko 10, a ji ƙarar makunnai kakat-kakat na 'yan daƙiƙu, sai ta yi shiru. Bugu da ƙari, takan riƙe abin da ta samo a ƙwaƙwalwarta, ta yadda in aka dawo wannan wuri gobe, kafin ƙiftawar ido ta gama.

Ya kamata mai saye ya san ba duka suka zama ɗaya ba. Wadda ake ginawa a cikin rediyo yawanci ba ta wuce saɓanin 3 ga 1, wato aikinta gyaran ɗan kuskure ne. Ta waje, irin ta kamfanonin LDG da SGC da MFJ, ta fi ta faɗin hannu. Shi MFJ, wanda Martin Jue ya kafa a jihar Misisifi a 1972, ya daina ƙira a masana'antarsa a 2024, saboda haka kayansa da yawa sai na hannu. Kamfanin Icom kuma ya yi wata mai suna AH-4, wadda ake kafawa a waje, in aka ba ta waya mita 7 ko fiye za ta yi aiki tun daga mita 80 har mita 6.

INDA MUTANE KE RUƊUWA

Dillali ba ya mai da ramammen sa ya zama mai ƙiba, ciniki kawai yake ƙullawa. Mutane da yawa in sun ga agogo ya sauka 1 ga 1 sai su ɗauka eriyarsu ta gyaru. Ko kusa. Saɓanin yana nan daram a kan kebul, tsakanin na'urar da eriya. Abin da ya juyo, na'urar takan sake tura shi gaba, amma a kowace tafiya da dawowa kebul yana shan nasa kaso, ya mai da shi zafi.

Ga misali. Mutum ya ja siririn kebul irin wanda ake kira RG-58, mita 30, a zangon mita 20. Ko eriyar ta yi daidai, wajen wat 70 ne cikin 100 za su isa gare ta. In kuwa saɓanin eriyar ya kai 10 ga 1, abin da zai isa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba, alhali kuwa agogon da ke kan tebur yana cewa kome lafiya. Sai mutum ya kwana yana kira ba mai amsawa, yana zargin rediyonsa, ga shi kuwa kebul ne yake dafawa.

Maganin abin guda uku ne. A taƙaita kebul, a sayi mai kauri in da hali, sa'an nan, wanda ya fi duka, a kai na'urar gindin eriya ta yi aikinta a can, ta yadda kebul zai zauna a kan om 50 tun daga ɗaki har waje. Mai waya guda da aka ciyar da ita ta baki ɗaya kuma dole ya haɗa mata abokiyar aiki, wato wata waya da za a shimfiɗa a ƙasa. In ba haka ba, wutar rediyon za ta biyo jikin kayan ta dawo ɗaki, har makirfo ya riƙa ƙona leɓe. Har ila yau a guji yanka irin wannan waya daidai rabin tsawon zango, domin a nan awonta kan haura dubban om, na'urar ta gaza. Ƙara mita ɗaya ko biyu yakan warware matsalar.

Kuma ba ta maganin hayaniyar janareta da inbata da ƙwayayen fitila masu araha, waɗanda suka cika unguwannin birni. Wannan sai dai a nisanta eriya daga gare su.

HALIN ƘASAR KUDU

A nan ne ma na'ura mai daidaita kanta ta fi nuna amfaninta. Wayar da aka shanya kusa da rufin kwano ko jiƙaƙƙiyar bishiya, awonta da rani daban, da damina daban, wani lokaci ma kafin ruwa daban, bayan ruwa daban. Mai murɗawa da hannu zai gaji, ita kuwa danna maɓalli ɗaya ya isa. Tsakanin Ikko da Kano a miƙe ya fi kilomita 800, kuma zangon mita 40 ya dace da irin wannan nisa, musamman da safe da yamma, ko da wayar ba ta yi tsawo sama sosai ba.

Sai dai a kula da iskar teku, domin gishirinta na cin ƙarfe. A naɗe duk mahaɗa da tef mai hana ruwa, a kuma riƙa dubawa. Da hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura kan tara wuta a jikin doguwar waya, har ta lalata kayan cikin na'urar in ba a ba ta hanyar zuba ƙasa ba.

RAI YA FI REDIYO

Rigakafi ya fi magani. Kada a kuskura a shanya eriya sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki, ko a inda sanda zai faɗa mata in iska ta kada shi. A ƙasashe da dama an yi asarar rayuka ta haka. In hadari ya taso, a cire kebul daga jikin kayan tun kafin a fara tsawa, domin na'urar daidaita eriya ba ta tare aradu. Bakin waya kuma, lokacin da ake magana da wat 100, yana iya ɗaukar wutar da za ta ƙona hannu, saboda haka a ɗaga shi inda yara da masu shanya ba za su kai ba.

Akwai kuma ladabi. Ba a danna maɓallin daidaitawa a kan mutanen da ke cikin magana, sai a matsa gefe inda ba kowa, a rage ƙarfi, a gama a dawo.

Abu na ƙarshe shi ne doka. Sauraro ba ya bukatar izini, amma watsa magana ba lasin laifi ne, kuma ko mai lasin ba a yarda ya yi ciniki ko ya sa kiɗa ko ya ɓoye ma'anar saƙonsa ba. Mai sha'awa sai ya nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NARS, ya koyi aikin a hannun waɗanda suka riga shi, ya bi hanyar samun lasin. In ya zo sayen kaya kuma, shawarar tsofaffin hannu ita ce ya fara kashe kuɗinsa a kan waya mai kyau da kebul mai kauri, abin da ya rage ya sayi na'urar daidaitawa da shi.